An Ba Kura Ajiyar Nama: Cin Amana A Cinikin Filaye Da Sauran Sana'o'in Yarda A Jega, Aliero Da Maiyama

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya ba bayinSa aronta zuwa wani lokaci ƙidayayye, kuma Shi ne zai gaje ta da duk abin da ke bayanta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, a wannan wata mun ga ya wajaba mu ɗaga murya a kan wata cuta da ta daɗe tana cin jikin al'ummarmu, ana ganinta ana kawar da kai, ana jin warinta ana toshe hanci. Cutar ita ce cin amana daga mutanen da sana'arsu kacokan a kan yarda aka gina ta, kuma a sahun gaba akwai dillalan filaye da gonaki da gidaje, tare da masu taya su sa hannu da buga hatimi. Ɓarawon da ke haura katanga da dare kowa ya san sunansa, kowa kuma yana kulle ƙofa dominsa. Wanda muke magana a kansa da rana tsaka yake zuwa, da sallama da murmushi, mai gida da kansa ke shimfiɗa masa tabarma, ya damƙa masa takardun gonar ubansa.

Yadda Ƙasa Ta Yi Tsada

Dattawanmu sun san lokacin da baƙo zai sauka gari, ya je wurin mai gari, a yanka masa wurin gini da wurin noma, bai biya komai ba sai godiya. Wannan zamani ya wuce, kuma dalilan wucewarsa a fili suke. A ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, ma'aikata da 'yan kwangila suka kwararo, Jega kuwa tana zaune a mararrabar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, ga tsohuwar kasuwarta mai tara fatake. A shekarar 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, sai gonakin gero na bakin gari suka zama wuraren gina ɗakunan haya na ɗalibai da gidajen malamai. A watan Nuwamba na 2015 a nan Jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya, sai fadamun gulbin Zamfara da na ƙasar Maiyama suka ƙara daraja, mutanen birni da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka shiga neman gona.

Duk wannan arziki ne daga Allah, ba mu da ja a kansa. Amma inda kuɗi suka yi yawa, tsoron Allah kuma ya yi ƙaranci, nan ne mazambata ke kafa rumfa.

Dillanci Halal Ne

Kada wani ya tashi ya ce muna yaƙi da sana'ar mutane. Dillanci sana'a ce da Musulunci ya tarar, ya kuma tabbatar. Imamul Bukhari ya ware babi a kan ladan dillali, inda ya ambata cewa manyan tabi'ai irin su Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin karɓar la'ada ba. A hadisin Ƙaisu ɗan Abu Garaza, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya tarar da dillalan Madina, ya kira su da suna mafi kyau, wato 'yan kasuwa, sannan ya hore su da su riƙa cuɗa cinikinsu da sadaka saboda yawan rantsuwa da maganar banza da ke shiga cikinsa. A Jega da Aliero da Maiyama akwai dillalai masu tsoron Allah, waɗanda za su gwammace su kwana da yunwa da su ci kwabon wani, kuma su ne suka fi kowa cutuwa da ɓata sunan sana'ar da ake yi.

Sai dai a sani, dillali wakili ne, wakili kuwa amintacce ne a shari'a. La'adar da yake karɓa ladan gaskiyarsa ce. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi la'ada, sannan ya cuci wanda ya ba shi, ya ci lada bai yi askin ba, ya kuma haɗa da yanke wa kuturun kunne.

Hanyoyin Ha'incin

Ta farko, ɓoye farashi. Mai gona ya ce a sayar masa, dillali ya sami mai saye a kan miliyan uku, ya dawo ya rantse cewa miliyan biyu aka taya, kasuwa ta mutu, gara a sallama. Ya soke miliyan guda a aljihu, sannan ba kunya ba tsoron Allah ya karɓi la'ada daga mai saye, ya karɓa daga mai sayarwa. Shi ya sa za ku ga irin wannan dillali ba ya taɓa yarda mutanen biyu su haɗu ido da ido.

Ta biyu, tayin ƙarya. Dillali ya shirya da abokinsa ya zo ya taya fili da tsada alhali ba shi da niyyar saye, don mai sayen gaskiya ya tsorata ya ƙara kuɗi. Wannan shi ne najashu, wanda haninsa ya tabbata a Bukhari da Muslim.

Ta uku, ɓoye aibi. A kai baƙo fuloti a watan Maris, ƙasa ta bushe ƙayau, a ɓoye masa cewa hanyar ruwa ce. Ya zuba abin da ya tara shekara ashirin a gini, damina ta zo ta nuna masa gaskiya. Wanda ya ga ambaliyar shekarar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a faɗin Jihar Kebbi, ya san cewa wannan ha'inci yana iya kai wa ga asarar rayuka. Mu tuna yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya barrantar da mai algus daga cikinmu. Idan wannan hukuncin mai tsibin hatsi ne, ina ga mai tsibin ƙarya a kan gidan da iyali za su kwana a ciki?

Ta huɗu, sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku. An fi yin wannan a filayen awon igiya, kuma an fi yi wa 'yan uwanmu da ke neman abinci a Legas ko Anacha ko Makka, masu aiko da kuɗi suna cewa a saya musu a ajiye. Ranar da suka zo sa harsashi sai su tarar da ginin wani ya kai linta, kowa da takardarsa, kuma hannu ɗaya ne ya rubuta duka.

Ta biyar, ture iyaka. A tumɓuke gambar da kakanni suka dasa tsakanin gonaki, a matsar da turke taku biyu bana, taku biyu baɗi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa mai canza alamun iyakar ƙasa yana cikin waɗanda aka la'anta. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci ƙasar wani ko da gwargwadon taƙi ɗaya ne, za a rataya masa ita a wuya ranar alƙiyama har ƙasa bakwai. Sahabin da ya ruwaito wannan, Sa'idu ɗan Zaidu, wata mata ta taɓa kai ƙararsa gaban Marwan a kan ƙarya cewa ya ci mata fili. Ya bar mata, ya kai kukansa ga Allah, ba ta mutu ba sai da ta makance, kuma a cikin wannan filin ta faɗa rami ta halaka.

Ta shida, kuma ita ce mafi muni, cin gadon marayu da mata. Uba ya rasu, babban wa ko baffa ya haɗa baki da dillali, a sayar da gona kafin a raba gado, a ce wai bashin mamaci za a biya. 'Yan mata a ce musu mace ba ta gadon gona, a sallame su da kuɗin atamfa. Wace aya ce ta faɗi haka? Suratun Nisa'i ta yanka wa mace rabonta daga abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, ba ta kuma ware gona ko gida ba, kuma a aya ta 10 ta bayyana cewa mai cin dukiyar maraya da zalunci wuta yake zuba wa cikinsa.

Ta bakwai, sayar da abin da ba na kowa ba saboda na kowa ne: burtali, da mashaya, da gefen maƙabarta, da filin idi, da filin makaranta. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Yau a yanka burtali a sayar, makiyayi ya zo da garkensa ya tarar da shuka a kan hanyar da kakansa ya bi, a yi faɗa a zubar da jini, a ce rikicin manoma da makiyaya ne. Wanda ya kunna wutar yana can yana ƙirga la'adarsa.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Dillali shi kaɗai ba zai iya wannan ɓarna ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai mai unguwar da zai buga hatimi a takarda biyu na fili ɗaya saboda an kai masa goro. Akwai shaidun haya da ke sa hannu a kan cinikin da ba su halarta ba, alhali Manzon Allah (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaitawa. Akwai safiyon da igiyarsa ke miƙewa ko ta takure gwargwadon abin da aka sa masa a aljihu. Akwai ma'aikacin da fayil ke ɓacewa a teburinsa, ya bayyana ranar da aka yi masa ihsani. Akwai lauyan da ya san gaskiya tana wurin maraya, amma ya yi ta neman a ɗaga shari'a har maraya ya gaji ya bari. Akwai malamin da aka kira rabon gado, ya ga an ɓoye gona guda, ya yi shiru saboda an ware masa nasa. Ga wanda kuma ya yi nasara a kotu da iya baki, hadisin Ummu Salama ya ishe shi gargaɗi: hukuncin alƙali ba ya halatta haram, abin da aka yanka masa yanki ne na wuta.

Cutar kuwa ba ta tsaya a kan ƙasa ba. Manomin albasa na Aliero ko Sabiyal yana loda mota ya aika kudu, ba shi da ido a can sai dillalinsa, abin da dillali ya ce an sayar shi ne aka sayar. Mai sayar da iri yana cuɗa tsoho da sabo, manomi ba zai gane ba sai ya yi asarar shekara. Mai taki yana ƙara yashi. Mai awo yana da tiya biyu, ta saye da ta sayarwa, kamar bai taɓa jin Suratul Muɗaffifina a sallar asuba ba. Mai kemis yana goge ranar lalacewar magani. Aliero ta yi suna a gyaran karaya har ƙasashen maƙwabta, sai ga waɗanda ba su gaji ɗori ba, ba su kuma koya ba, suna yawo da sunan garin suna nakasa bayin Allah. Ga wakilin aikin Hajji da Umara da ke karɓar kuɗin tsohuwa ya juya su a kasuwa. Kowane ɗaya daga cikinsu an zo wurinsa ne saboda ya san abin da mai zuwan bai sani ba, sai ya mayar da wannan sanin wuƙa.

Uzurorin Banza

Za su ce, ai kasuwa ce, kowa wayonsa ke fisshe shi. Mu kuma muna cewa, ribar da aka samu da sanin kaya da juriyar tafiya halal ce. Wadda aka samu da ƙarya ga wanda ya wakilta ka sata ce, ko da ka sa mata sunan wayo.

Za su ce, manya ma suna ci. Gaskiya ne. A watan Disamba na 2024 wata kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a unguwar Lokogoma, waɗanda hukumar EFCC ta danganta da wani tsohon babban jami'in gwamnati. Muna tir da wannan. Amma mai gidaje 753 da mai ture turke taku biyu ciwonsu ɗaya ne, damar ce kawai ta bambanta, kuma ranar hisabi ba a tambayar kowa laifin wani.

Za su ce, ai ƙasa ta gwamnati ce, wanda ya iya ya ɗiba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana domin amfanin jama'a, ta bar wa ƙananan hukumomi bayar da izinin filayen karkara. Ko dokar da soja suka kafa ta san kalmar amana. Tun kafin ta kuwa, a nan ƙasar Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da ƙasa ke zama haƙƙin mutum a shari'a. Shehu Usmanu kuma a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa karɓar gaisuwa da ƙwace dukiyar mamaci cikin miyagun al'adun sarakunan da ya yi jihadi a kansu. Jega kanta ɗan almajirin Shehu ne ya kafa ta, Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana. Ashe abin da kakanni suka yi hijira suka zubar da jini don kawar da shi, shi ne jikoki suka maido da hannunsu?

Za su ce, a rufa wa Musulmi asiri. Rufin asiri na wanda ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda ya mayar da cutar mutane sana'a, malamai sun haɗu a kan cewa gargaɗin jama'a game da shi nasiha ce, ba ta cikin giba. Wanda aka tambaye shi halin dillali, ya san maha'inci ne, ya ce mutumin kirki ne, to ya shiga cikin zunubin.

Mu Dubi Kanmu

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya 'yan uwa masu kira zuwa ga Sunna, wannan magana ta fi shafarmu fiye da kowa. Mutane suna damƙa amanarsu ga wanda suka gani a sahun farko, mai gemu, mai ɗagaggen wando, saboda suna kyautata zaton cewa wanda ya kiyaye Sunna a tufafinsa zai kiyaye ta a cinikinsa. Idan irin wannan ya ci amana, ɓarnarsa biyu ce: ya cuci mutum guda, ya kuma kori mutum ɗari daga gaskiya. An ruwaito cewa wani ya yabi wani mutum a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko sun yi mu'amalar kuɗi. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba, ganinsa kawai ya yi yana ruku'u da sujada a masallaci.

Mun yi shekaru muna yaƙi da bidi'a a kan mumbari, kuma za mu ci gaba. Amma wane irin gyara ne wannan, idan za mu ƙaurace wa mutum saboda saɓani a kan mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta, sannan mu ba wanda ya cinye gonar marayu kujerar gaba a wurin wa'azi saboda ya ba da buhun siminti ɗari? Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Masallacin da aka gina da hawayen gwauruwa bai ƙara wa Musulunci komai ba.

Abin Da Muke Kira A Yi

Na ɗaya, a rubuta kowane ciniki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Cewa ai ɗan uwana ne, kunya nake ji, ita ce ƙofar da shaiɗan ya fi shiga.

Na biyu, mai saye da mai sayarwa su zauna wuri ɗaya, a faɗi farashi a gabansu, a faɗi la'ada a gabansu, kuɗi su tafi kai tsaye hannun mai abu. Dillalin da ya ƙi wannan ya riga ya faɗa muku ko shi wane ne.

Na uku, kafin a biya, a taka filin da ƙafa tare da maƙwabtan kusurwa huɗu, a tambayi wanda yake da haƙƙin shufu'a, a tambayi yadda wurin yake da damina. Idan gado ne, a ga shaidar rabo, a ji daga bakin kowane magaji, mata da maza.

Na huɗu, kada a tsaya a takardar dillali da hatimin mai unguwa. A bincika a ofishin filaye, a nemi amincewar hukuma kamar yadda doka ta tanada. A shekarar 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta rushe jinginar gida saboda ba a nemi yardar gwamna ba. Idan banki da lauyoyinsa sun yi asara a kan wannan, ina ga talaka?

Na biyar, dillalan kirki su tsarkake sana'arsu, su san junansu, su kori ɓata-gari daga rumfarsu. Hakimai da dagatai su riƙe littafi guda na cinikin filaye a kowace gunduma, daga Kimba har Mungadi da Andarai, wanda kowa zai iya dubawa. Jiharmu ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, to alƙalai su gaggauta shari'ar marayu, su kuma hukunta mai shaidar zur a bainar jama'a.

Na shida, limamanmu da masu wa'azinmu su karantar da babin ciniki da wakilci da gado kamar yadda suke karantar da babin tsarki, kuma kwamitocin masallatanmu su daina karɓar gudummawar wanda aka tabbatar yana riƙe da haƙƙin wani har sai ya mayar.

Kai kuma da ka san akwai taƙin ƙasar wani a cikin katangarka, ko kuɗin wani a cikin jarinka, ƙofar tuba a buɗe take, amma tuba daga haƙƙin bawa ba ta cika da istigfari da zuwa Umara. Sai ka mayar, ko mai haƙƙi ya yafe da daɗin ransa. Idan ya mutu, magadansa suna nan. Kunyar yau a gaban mutum biyar ta fi sauƙi a kan kunyar gobe a gaban halitta duka, ranar da babu naira babu kwabo, sai a ɗebi ladanka a biya. Duk faɗin filayen da ka tara, abin da za a auna maka a ƙarshe bai wuce tsawonka ba, kuma ba dillali a wannan awon.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya tsare hannuwanmu daga dukiyar marayu, Ya sa mu cika da imani ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.